Alƙali a Ƙofar Gida: Tarihin Shigar Hukuma Cikin Riƙon Yara

 

A daren da muka karanta farkon Suratun Nisa'i wata baiwar Allah ta aiko da tambaya gidan rediyo, tambayar da ta fi ƙarfin ɗan lokacin da ake ba masu tambaya. Ta ce ƙanwarta ta rasu, bayan shekara guda mijin ya bi ta, suka bar yara uku. Wan mahaifinsu ya kwashe su zuwa gidansa, ya haɗa da gona da awaki. Yanzu an sayar da awakin, an jinginar da gonar, babbar yarinyar tana talla tun safe har bayan isha'i, ƙaramin kuwa duk bayansa sawun bulala. Da ta yi magana sai aka ce mata dangin uwa ba su da baki a kan ɗa. Wani ya ba ta shawara ta je wurin alƙalin yara, mutanen unguwa kuma suka ce kai zancen gida gaban hukuma ɗabi'ar Nasara ce, tonon asirin zuri'a ne. Tana so ta sani, in ta je ta yi zunubi?

Ba a yanke hukunci da jin ɓangare guda, saboda haka ba shari'a za mu yi wa wannan baffa ba. Maganar mutanen unguwa ita za mu ɗora a kan ma'auni. Shin da gaske ne Nasara suka fara kawo alƙali ƙofar gida saboda yaro? Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin yana cikin littattafan da ke kan buzun malamanmu.

A watan Zulƙida na shekara ta 7 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gama umarar da aka yi alkawari a Hudaibiyya, ya kama hanyar barin Makka. Sai wata ƴar yarinya ta biyo ayarin tana kira. Ɗiyar Hamza ce, wanda ya yi shahada a Uhudu shekara huɗu kafin nan. Aliyu ya kama hannunta ya miƙa wa Faɗimatu. Daga nan gardama ta tashi tsakanin mutum uku, kowa yana son riƙonta. Aliyu ya kafa hujja da cewa ɗiyar baffansa ce kuma shi ya ɗauko ta. Zaidu ɗan Harisa ya ce ɗiyar ɗan'uwansa ce, domin an ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsa da Hamza. Ja'afar ya ce shi ma ɗiyar baffansa ce, ga kuma ƴar'uwar mahaifiyarta, Asma'u ɗiyar Umais, a gidansa take aure. Annabi ya saurari duka ukun, ya ba da ita ga gidan Ja'afar, ya bayyana cewa ƴar'uwar uwa tana matsayin uwa, sannan ya sanyaya zuciyar kowannensu da kalmar yabo. Buhari ya ruwaito wannan. Maza uku ne suka yi jayayya, dukansu manyan sahabbai, amma hukuncin ya faɗa kan macen da ba ta ma shiga jayayyar ba. Mai tambayarmu ta lura da kyau: matsayin Asma'u shi ne matsayinta a kan waɗannan yara uku.

Shari'a ta biyu ta fi ban mamaki, domin wanda hukunci ya faɗa a kansa Umar ɗan Haɗɗabi ne da kansa. Imamu Malik ya kawo ta a cikin Muwaɗɗa. Umar ya auri wata mata daga cikin Ansar, ta haifa masa Asim, sannan suka rabu. Wata rana ya zo Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa kan dabba zai tafi da shi. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta ƙi saki, suka yi ta jayayya har gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya umarci Umar ya bar mata jikanta, kuma mai ruwayar ya shaida cewa Umar bai mayar masa da magana ba.

Ku tsaya a nan kaɗan. Wannan fa uba ne na jini, mai hali, mai gaskiya, ba wanda ya zarge shi da cutar da ɗansa. Shi ne mutum na biyu a daular, na hannun daman halifa. Abokiyar shari'arsa tsohuwa ce daga bayan gari. Ba wanda ya ce da ita ta tona asirin zuri'a, ba wanda ya ce kaka ta wajen uwa ba ta da baki. Ta kai ƙara, aka saurare ta, aka ba ta gaskiya, mai ƙarfi ya sunkuyar da kai ya koma gida hannu sake. Da irin wannan ta faru yau a wasu gidajenmu, da an ce tsohuwar ta yi rashin kunya, wataƙila ma a yanke zumunci da ita har mutuwa. Asim kuwa ya girma lafiya, kuma daga tsatsonsa, ta wajen ɗiyarsa, aka sami Umar ɗan Abdul'aziz.

Da halifanci ya koma hannun Umar, wani mutum mai suna Sunainu Abu Jamila ya zo masa da jariri da ya tsinta an yar. Umar bai yi saurin gaskata shi ba. Ya tambaye shi abin da ya sa ya ɗauki wannan rai, Sunainu ya ce ya same shi a wulaƙance ne ya ɗauka. Masu sharhi sun ce Umar ya ji tsoron kada ya zama ɗansa ne na cikinsa ya kawo da sunan tsintuwa don ya ci daga baitulmali. Sai arifin mutumin ya miƙe. Arifi shi ne wakilin da ke riƙe da sunayen mutanen ƙabilarsa ya kuma san halin kowa, kusan mai unguwa ke nan a wurinmu. Ya shaida cewa Sunainu mutumin kirki ne. Umar ya sake tambayarsa don ya tabbatar, ya tabbatar masa. Nan take aka yanke hukunci: yaron ɗa ne, ba bawan kowa ba, riƙonsa yana hannun wanda ya tsince shi, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Malik ya ƙara da cewa jama'ar Musulmi su ne dangin irin wannan yaro, su za su gaje shi, su za su ɗauke masa diyya.

A cikin wannan gajeren zama akwai bincike, akwai shaidar wanda ya san mai riƙo, akwai kuma kuɗin hukuma. Ku riƙe sunan arifi a zuciya, za mu sake haɗuwa da shi.

Hukuma ma takan yi kuskure a kan yara, kuma Umar ya ɗanɗana wannan. Ibn Sa'ad ya kawo cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umar ya yi ta jin kukan jariri, ya je ya gargaɗi uwar sau da yawa. Ita ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa gaskiya: tana tilasta wa yaron yaye ne tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Ya yi sallar asuba kuka na cin ƙarfin karatunsa, yana tuhumar kansa da yaran Musulmi nawa dokarsa ta halaka. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa, ya aika da wannan umarni zuwa sauran garuruwa. Ya fara da zargin uwar, ya ƙare da gyara dokarsa.

Zuwa ƙarshen ƙarni na farko garuruwa sun cika, mutane sun daina sanin juna kamar a Madina, sai aka koma ga alƙalami. Al-Kindi, mai tarihin gwamnoni da alƙalan Masar, ya ambaci Abdurrahman ɗan Mu'awiya ɗan Hudaiju, wanda ya riƙe alƙalanci a shekara ta 86, a matsayin alƙalin farko a can da ya binciki dukiyar marayu. Dabararsa ita ce ya ɗora wa arifin kowace ƙabila lamunin dukiyar marayun ƙabilarsa, ya rubuta a takarda ya ajiye a wurinsa. Daga ranar, in raƙumin maraya ya ɓata akwai wanda za a kira da sunansa. A Ƙairawan kuma, Sahnun, mai Mudawwana, da ya karɓi alƙalanci a shekara ta 234, ya fitar da kayan amana daga gidajen alƙalai ya mayar da su hannun amintattu da aka naɗa don haka. Dattijon ya san cewa alƙali ma ɗan Adam ne, yana mutuwa, magada su tarar da kayan mutane a ɗakinsa su ɗauka nasu ne.

Wannan gado shi ne ya taru a cikin littattafan mazhabar Malikiyya da muke karantawa daga Agadas har Gaya. Ɗalibin da ya kai ƙarshen babin idda da ciyarwa a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa hadana, wato riƙon yaro da renonsa, ta uwa ce bayan saki, har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta mutu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma ga mahaifiyarta, daga nan ga ƴar'uwarta. Muhtasar na Shehu Halilu ya jera sauran daki-daki: sai an wuce matan dangin uwa sannan a zo ga kaka ta wajen uba, sannan uban, sannan ƴar'uwar yaron, sannan gwaggo. Baffa yana can kusa da ƙarshen layi. Uba bai rasa komai na girmansa ba a cikin wannan tsari. Ciyarwa da tufatarwa suna kansa, shi ke kula da tarbiyya, shi ke kai yaro makaranta, kwana ne dai a wurin mai hadana. Kuma ba kowane mai haƙƙi ake miƙa wa yaro ba. An sharɗanta hankali, da iya ɗawainiya, da amana, da gida mai tsaro, da kuɓuta daga cutar da za ta shafi yaron. Namiji in shi zai riƙe, sai yana da macen da za ta yi renon. Wa zai tabbatar da cewa sharaɗi ya faɗi, ya ɗauke yaro daga wannan hannu zuwa wancan? Alƙali ne. Ba a rubuta sharuɗɗan nan don ado ba.

Zancen dukiya ya fi tsanani. A asalin mazhaba masu iko da dukiyar yaro uku ne: uba, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya gabatar. Kaka da wa da baffa ba su cikin lissafin. Shehu Dardiri da wasu malaman baya sun yi rangwame ga mutanen karkara, inda uba kan mutu bai yi wasiyya ba don ya dogara ga ɗan'uwansa, suka ce al'ada tana tsayawa a matsayin wasiyya. Amma wanda ya karɓi matsayin wasiyyi ya karɓi sharuɗɗansa, kuma wasiyyin da fasiƙanci ya bayyana a kansa tuɓe shi ake yi. Alƙali da kansa ba ya sayar da gonar maraya sai an tabbatar masa da maraicin, da cewa gonar ta yaron ce, da cewa ita ta fi cancanta a sayar, sai an yi ta tallarta har an daina ƙari, sai kuma kuɗin sun yi daidai da ƙimarta. In alƙali na buƙatar duk wannan, ina ga wanda ya jinginar da gona da dare tsakaninsa da mai kuɗi? Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a kafa shaidu ranar miƙa wa maraya dukiyarsa, shi ya sa malamai suka ce in wasiyyi ya yi da'awar ya miƙa bayan balaga, yaron ya musa, ba a karɓar maganar wasiyyin sai da shaida. Aya ta 10 kuwa ta gaya wa mai cin dukiyar maraya da zalunci abin da yake zubawa a cikinsa, kun ji shi a daren da muka karanta ta. Allah Ya tsare mu.

Akwai wuri guda a babin alƙalanci na Muhtasar da nake so kowane mai unguwa ya sa a karanta masa. Shehu Halilu ya tsara wa sabon alƙali abin da zai fara dubawa ranar da ya hau kujera. Na farko waɗanda ke tsare a gidan kaso. Na biyu wasiyyai da dukiyar yara. Sannan ya sa a yi shela a gari cewa kada kowa ya yi ciniki da maraya ko da wawan da ba ya iya riƙe dukiyarsa, kuma a kawo masa labarinsu. Ma'ana alƙali ba ya zama jiran maraya ya shigar da ƙara, domin maraya bai san hanyar gidan shari'a ba. Mutanen gari ake kira su kawo labari.

Wannan fahimta ta iso ƙasar Hausa tun da daɗewa. A ƙarshen ƙarni na 15 na miladiyya Shehu Magili ya biyo ta Tagidda da ƙasar Ayar, ya sauka Kano da Katsina. A cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya sa binciken halin marayun da ba su da mai kula da su cikin wajiban sarki, ya ce a kawo masa su ya naɗa musu majiɓinci. Ya kuma nemi sarki ya riƙa zama kullum inda mata da yara za su iya isa gare shi. Shekara ɗari huɗu ke nan kafin Bafaranshe na farko ya ga ganuwar Damagaram.

Sai dai mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Littafi ya zo, al'ada kuma ba ta tashi ba. A yawancin garuruwanmu, da an saki mace ana ƙirga mata kwanakin yaye ne, ko a bar mata yaro zuwa shekara bakwai in an yi mata adalci, sannan a zo a ɗauke shi a kai wa kishiya. Mutane da yawa sun girma suna zaton wannan ne hukuncin Allah. Riƙo da muke ba juna, a ba gwaggo ɗiya, a ba kaka jika, abu ne mai kyau da ya raya dubban marayu ba tare da sun san ɗacin maraici ba, kuma gidajen da suka yi shi don Allah sun fi waɗanda suka ci amana yawa nesa ba kusa ba. Aibinsa guda ne: ba rubutu, ba mai bibiya. In aka dace da mai tsoron Allah, yaro ya tsira. In ba a dace ba, maƙwabta su ce ba ruwansu.

To daga ina tsoron hukuma ya shigo zukatanmu? Ba daga iska ya zo ba, kuma duk wanda ya raina shi bai san abin da kakanninmu suka gani ba. Faransawa sun kama Zinder a 1899. Dokarsu ta 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a yankunan Afirka ta Yamma da ke hannunsu, aka bar al'ada da shari'ar Musulunci suna aiki a kan aure da saki da gado, amma a ƙarƙashin idon kumandan. Talaka bai haɗu da sabuwar hukuma a matsayin mai kare yaro ba. Ya haɗu da ita tana ƙirga kawunan gidansa don haraji, tana ɗibar samari aikin tilas da soja, tana aiko wa sarki adadin yaran da zai kawo lakwal ko iyayensu na so ko ba sa so. Har yau tsofaffi na ba da labarin yaran da aka ɓoye a rumbu. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 makarantar da suka buɗe wa ƴaƴan sarakuna a Sanagal sunanta makarantar waɗanda aka yi garkuwa da su. Ba su ɓoye nufinsu ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Turawan mulki da sojoji da yawa sun zauna da matan ƙasa, suka haifi ƴaƴa, wa'adinsu ya cika suka koma Faransa. Sai hukuma ta riƙa tattara waɗannan yara, sau da yawa ba da son uwayensu ba, tana kai su gidajen da ta kira gidajen marayu, a garuruwa irin su Kayes da Bamako, har da nan Zinder. Marayu ne a takarda, alhali uba na raye a ƙasarsa, uwa na raye a bayan katanga. Abin lura shi ne a wannan zamanin ne Faransa take gina wa kanta dokokin kare yara. Dokar 24 ga Yuli 1889 ta ba kotu ikon tuɓe uba daga ikonsa in ya cutar da ƴaƴansa ko ya yi watsi da su, a 1912 aka kafa kotunan yara, a 1958 aka ba alƙalin yara ikon shiga tsakani duk inda yaro ke cikin haɗari. A can ana ɗauke yaro ne don an cuce shi. A nan an ɗauke shi don launin fatarsa, daga hannun uwar da Risala ta ba gaskiya.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, dokar 16 ga Maris 1962 ta tsara gidajen shari'a na Nijar, ta bar zancen aure da saki da riƙon ƴaƴa da gado a ƙarƙashin al'adar masu shari'a. Dokokin da suka maye gurbinta a 2004 da 2018 sun riƙe wannan tushe. Shi ya sa a irin waɗannan ƙararraki alƙali ke zama tare da masu ba shi shawara kan al'ada, kuma da yawansu malamai ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, yarjejeniyar da sashenta na 20 ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin riƙon yaron da ya rasa iyali. A ranar 14 ga Mayu 1999, zamanin riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke, aka fitar da dokar da ta kafa kotunan yara, sannan dokar 20 ga Nuwamba 2014 ta sabunta ta. Aikin alƙalin yara kashi biyu ne. Yana shari'ar yaron da ya yi laifi, da sanin cewa wanda bai kai shekara 13 ba dokar laifuka ba ta hukunta shi. Yana kuma duba halin yaron da lafiyarsa ko tsaronsa ko tarbiyyarsa ke cikin haɗari. Yana iya barin shi a gidansu a sa ma'aikata su riƙa leƙawa, yana iya miƙa shi ga wani amintacce daga dangi ko waje, yana iya kai shi cibiyar kula da yara. Sunan ofishin da tsarinsa daga Faransa aka ɗauko su, ba mai musun haka. Aikin da ke cikinsa kuwa Abubakar ya yi shi a Madina, Shehu Halilu ya sa shi a sahun farko na ayyukan alƙali.

Wannan ba ya nufin hukuma ta sauke nata nauyin. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Yara 52 ne a cikinsu, mata 33. Mafi yawansu daga kudancin jahar Zinder suka fito, wajen Kance, kuma an san abin da ke kai mata da yara wannan hanya: bara a garuruwan Aljeriya. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ba shakka uba ko uwa ba su da ikon jefa yaro a wannan hanya, balle su ba da aronsa ga wata ta tafi da shi, domin yaro amana ne a hannunsu, kuma hukuma tana da haƙƙin tare motar. Amma hukumar da ta tare mota ta tsaya nan ta yi rabin aikin Umar ne. Shi da ya ji kukan jariri ya tambayi uwar dalili, da ya ji dalilin ya buɗe baitulmali. Macen da gonarta ba ta kai ta watan uku ba, in an mayar da ita gida hannu wofi, baɗi za ta sake hawa wata motar.

Mu koma ga mai tambayarmu. Baiwar Allah, ba ki yi zunubi ba in kin je, kuma ke ce shari'a ta gabatar a kan riƙon yaran nan in kakarsu ta wajen uwa ba ta raye, matuƙar sharuɗɗan hadana sun cika a kanki. Ki fara da abin da ya fi kusa, domin sulhu ya fi sauƙi ga yaran da za su ci gaba da buƙatar dangin ubansu har abada. Ki sa dattawan ɓangarorin biyu su zauna, da liman da mai unguwa. In ya gagara, sarakunan gargajiya suna da ikon sasantawa a dokar ƙasa. In can ma ya gagara, ki tafi gidan shari'a kanki a ɗage. Sai dai in dukan ya kai ga ana jin tsoro ga ran yaron ko wata gaɓa tasa, to ba a jiran zaman dattawa, a ranar ake kai shi likita a kuma sanar da hukuma. Ki nemi takardar likita, ki nemi takardun haihuwar yaran, ki nemi waɗanda suka san adadin awakin da waɗanda aka jinginar da gonar a gabansu.

Ku kuma mutanen unguwa, ku ne arifan wannan zamani. Alƙali yana zaune a babban gari, bai ga bayan yaron ba, bai san yarinyar na dawowa bayan isha'i ba. Ku kuka gani. In an kira ku shaida ku faɗi abin da kuka gani ba ƙari ba ragi, ko ya taimaki baffan ko ya kayar da shi, don mai yiwuwa ne ya sayar da awakin ne a kan cimar yaran, kuma shaidarku ce za ta wanke shi. Mai riƙo na gaskiya shi ya fi kowa cin ribar rubutu, domin ranar da yara suka girma masu zuga za su zo. Saboda haka duk inda aka yi rasuwa aka bar ƙanana, ranar rabon gado a ƙirga dabbobi, a taka iyakar gona, a rubuta da ajami ko da boko a gaban shaidu biyu, a ambaci sunan wanda ya karɓi riƙo. Takarda ɗaya ta zauna wurin mai riƙon, ɗaya wurin dangin uwa, ɗaya wurin liman.